Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Golf 2 a Garejin Gida

Idan mutum yana son ya ɗauki tsohuwar mota ya dawo da ita hayyacinta da hannunsa, a cikin gidansa, Golf 2 zan ce ya nema. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya ƙera ta daga 1983 zuwa 1992, 'yar madaidaiciya mai gajeren baya, wadda murfin but ɗinta ke ɗagawa tare da gilashi. An yi ta sama da miliyan 6. Yawancin masu kafireta a cikinsu ba su da wata kwamfuta da za ta ɗaure maka kai, kuma uwa ɗaya uba ɗaya suke da Jetta 2, wadda aka ci gaba da ƙerawa a ƙasar Sin har 2013. Shi ya sa bushi, boris, kayan birki da na injin ba sa wuyar samu, ko a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas.

Sai dai ka san abin da za ka tarar. Baturen da ke gyaran irinta a Jamus ko Ingila da tsatsa yake fama, saboda gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara. Tamu ta shigo ta Kwatano da wannan tsatsar a jikinta, sannan ta yi shekara da shekaru tana jigila tsakanin ƙauye da birni, fasinja biyu a gaba huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya. Duk inda ta tsaya an yi mata gyaran "a lallaɓa a kai gida". Rabin aikin da ke gabanka warware wancan gyaran ne, a mayar da kowane abu yadda kamfani ya ɗaura shi tun farko.

Kafin ka miƙa kuɗi

Fara da takardu. Lambar shasi tana buge a jikin ƙarfe, a bangon da ya raba injin da wurin fasinja, ƙasa da gilashin gaba. Ta Golf 2 da aka yi wa kasuwar Turai tana farawa da WVWZZZ, sai 19 ko 1G. Harafi na 10 shi ne shekarar samfurin: E 1984, F 1985, G 1986, H 1987, J 1988, K 1989, L 1990, M 1991, N 1992. Gwada ta da abin da ke takardar kwastan da ta mallaka, harafi bayan harafi. In ka ga alamar walda ko gugar giranda kewaye da lambar, yi sallama ka kama gabanka, komai arharta. Sanin shekarar zai kuma cece ka a kasuwa, domin na farko-farko suna da ƙaramin gilashi mai kusurwa uku a ƙofar gaba wanda aka daina sawa a 1987, kuma akwatin fis da tsarin wayarin sun canza wajen 1989. Kayan wannan ba lallai su shiga waccan ba.

Daga nan sai bodi. Tafi da tocila, sukundireba, da ɗan mayen ƙarfe a naɗe cikin tsumma. Bi da mayen a bakin madigadan baya, ƙasan ƙofofi, da kewayen murfin tankin mai. Duk inda ya ƙi kamawa, fila ce, wato ƙullun cike lotsawar bodi, aka cusa aka yi fenti a kai. Ɗaga dardumar ƙasa ta gaba da ta baya. Ciro safayar taya ka leƙa raminta. Cire batir ka duba mazauninsa, don ruwan batir yana cinye wurin. Ɗaga gefen robar gilashin gaba a kusurwoyin ƙasa, haka ma ƙasan gilashin but. Sannan ka kwanta ka soki dokin ƙofa, wato dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofofi, musamman inda ake kafa jak. Mai mota zai ɓata rai, amma gara ya ɓata yanzu.

Motar da ta yi haya tana da tata alamar dabam. Tsaya a bayanta daga nesa ka dubi tayoyin baya: in ɗaya ta karkace, gatarin baya ya lanƙwashe saboda lodi. Cire rufin gefen but ka duba inda kan shokazoba yake ɗaure, ko ya tsage ko an taɓa yi masa walda. A gaba kuma, ƙarafuna biyun da suka riƙe injin su kasance sumul. In sun yamutse, ta taɓa karo mai tsanani.

Shawarata ita ce ka sayi bodi, ka manta da ƙarar injin. Injin Beljiyam ana saye da safe a ɗaura kafin magariba. Bodin da ya ruɓe ko ya murɗe kuwa zai cinye maka kuɗin mota biyu, kuma ƙofofinsa ba za su taɓa rufuwa daidai ba.

Wurin aiki

Kana bukatar daɓen siminti sumul marar tudu da kwari, inuwa, da fili da za ka buɗe ƙofofin duka gefe biyu ka kuma zagaya. Ka ware wani ɗaki ko rumfa na kayan da za ka cire, domin motar da aka kwance tana cin wurin mota uku. Kayan aikin ba su da yawa: soket da sifana daga lamba 8 zuwa 19, babban soket lamba 30 na notin tsakiyar tayar gaba, makullan alan, makulli mai haƙora 12 na kusoshin shaf da na tof (kan injin da ke rufe silindu), sifana mai awon ƙarfin ɗauri, jak mai taya, giranda, buroshin waya, mita ta awon wuta, da abin matse sifirin.

Abu ɗaya ba a yi masa arha: matokaran ƙarfe guda huɗu. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe, kuma kada ka dogara da bulon siminti, don ba ya gargaɗi kafin ya fashe. Ajiye tukunyar kashe gobara inda hannu zai kai. Tunda gida ne, fetur, tina da ruwan batir su zauna a kulle, nesa da yara da murhu.

Saurari motar kafin ka kwance ta

Mutane da yawa suna ɗokin fara warwara, sai bayan wata shida su rasa ko giyar ma tana da lafiya. In tana tashi, tuƙa ta tukuna. Ji ko giya ta biyu tana ƙara wajen shiga, ko ta biyar tana kuka, ko sitiyari yana fizga. In ta daɗe a ajiye, cire fulogai, zuba ɗan baƙin mai a kowace silinda, ka juya injin da sifana ta kan fulin ƙasa. Idan ya juya, auna matsin kowace silinda da agogon awo. Mai lafiya yakan ba da wajen bar 10 ko fiye (bar shi ne ma'aunin matsi a agogon). Wanda ya sauka zuwa 7 ya gaji. Silindar da ta gaza, zuba mata cokali ɗaya na mai ka sake awo: in matsin ya tashi, ringi ne, in bai motsa ba, bawul ne ko gaskit. Rubuta sakamakon a littafi.

Kwancewa

Cire batir da farko. Tsiyaye baƙin mai, ruwan lagireto da fetur. Tankin Golf 2 na roba ne mai cin lita 55; sauke shi gaba ɗaya da tiyoyinsa, a kai shi can nesa, tun kafin a yi maganar walda.

Kafin ka taɓa kowane abu, ɗauki hotonsa da waya ta fuska biyu ko uku. Kusoshin kowane sashe su shiga ledarsu, a rubuta suna a jiki. Kowane soket na waya a liƙa masa tef mai lamba a kai biyun. Wannan aikin yana da gundura, kuma shi ne bambancin motar da ta koma titi da wadda ta zama ɗakin kaji a bayan gida.

Fara da waje: bamba, fitilu, giril, robobin gefe. Sai ciki: kujeru, darduma, rufin ƙofofi, silin, dashbod. Robobin ciki sun sha rana, sun yi ƙaushi, don haka a bi su a hankali; neman dashbod da bai tsage ba ya fi neman injin wuya. Gilashin gaba da na baya a cikin roba suke zaune, ba manne su aka yi da gam ba. In robar ta bushe, yanke ta da wuƙa ka ciro gilashin lafiya, kada ka yi ta tura shi da ƙafa don ceton robar da ba za ta sake amfani ba.

Injin da giya tare suke fita, da sarƙar ɗagawa da mutum biyu. Akwai tarko a nan: idan ka zare shaf daga tsakiyar tayar gaba sannan ka sauke motar ka tura ta, boris ɗin gaba zai lalace nan take. Ka bar kan shaf ɗin na waje a wurinsa da notinsa a ɗaure. Tsofaffin ƙafafu da tayoyi su zauna a jiki har a gama fenti, don ka riƙa tura ta, kuma feshin da zai ɓata su ya ɓata tsofaffi. Kusar da ta ƙi kwancewa a jiƙa ta da man sassauta tsatsa ta kwana, a ɗan buga kanta, in ta ƙi a gasa ta. Kuma kada ka yar da komai sai sabonsa ya shiga ya zauna.

Ƙarfe

Wanke bodin tas, sama da ƙasa. Kankare baƙin kwaltan da ke manne a daɓen ciki, don tsatsa tana ɓuya a ƙarƙashinsa. Duk inda mayen ƙarfe ya ƙi kamawa, sa giranda ka ci filar har ka ga abin da aka binne. Kada ka yi mamaki in ka tarar da ragar sauro, kwali ko gutsuren gwangwani.

Tsatsa iri biyu ce. Ta sama, wadda ƙarfen ƙarƙashinta yake da kauri, buroshin waya da maganin kashe tsatsa mai sinadarin fosforik sun ishe ta. Wadda ta huda ko ta sa ƙarfe ya yi laushi ba ta da magani sai yanka. Zana layi da alli, ka wuce bakin tsatsar da kamar santimita 2 zuwa inda ƙarfe yake fari, ka yanke. Ɗora kwali a ramin ka fitar da siffarsa, ka mayar da siffar kan fallen ƙarfe mai kaurin na asali: wajen milimita 0.8 a bodin waje, 1 ko ɗan fiye a dokin ƙofa da wuraren da ke ɗaukar nauyi. Mafi sauƙi ma, ka je wurin masu yanka motoci a yanko maka wannan sashen daga wata Golf ko Jetta mai lafiya, tunda lanƙwasarsa ta kamfani ce.

Facin ya shiga ramin baki da baki. Kada a ɗora shi a kan ruɓaɓɓen ƙarfe a zagaye da walda, kamar yadda aka saba yi don sauri. Tsakanin fallen biyu ruwa zai zauna, bayan damina biyu ka koma gidan jiya.

Maganar walda kuma, injin sanda na masu ƙofa da taga ba na wannan aikin ba ne, huda ƙarfen zai yi ta yi. Wanda ya dace shi ne injin MIG da waya mai kaurin 0.6. Yawancin fanalbitocinmu da gas suke aiki, kuma gwani a cikinsu yana fitar da aiki mai kyau, sai dai zafin gas yana bazuwa ya murɗe fallen. Ko da wanne za a yi, ɗigo-ɗigo ake yi: ɗigo a nan, a tsallaka can nesa a yi wani, a bari ya huce, a dawo, har layin ya haɗe. In ba ka taɓa walda ba, kira fanalbita ya zo gida ku yi jinga, kai ka yi yanka da shiri, ka tsaya a kansa. Idan za a canza dokin ƙofa, a yi gefe ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan, ƙofofi suna rataye a wurinsu ana gwada rufinsu, kuma a tokare bakin ƙofar da ƙarfe don kada bodin ya lotsa. Mutum ɗaya ya tsaya da ruwa yana kallon bayan inda ake waldar.

An gama, a goge waldar da giranda ba tare da cinye ƙarfen gefe ba, a shafa firaima ta efoksi a ranar, ciki da waje, a bi layin da gam ɗin toshe haɗi. Ƙarfe tsirara ba ya kwana, balle da damina.

Fenti

Lambar launin motar tana kan wata farar takarda da aka liƙa a cikin but, kusa da ramin safaya. LY3D ja ne, L90E fari. In tana nan, kai wa mai haɗa fenti. In ka zaɓi canza launi, sai an fesa har cikin ƙofofi da ɗakin injin, kuma a gyara takardun motar su dace.

Kyan fenti a shiri yake, kuma shirin nan aikin gida ne. Fila a kan firaima ko ƙarfe mai tsabta ake shafa ta, siririya, kada ta wuce milimita 2 zuwa 3; inda ya fi haka zurfi, guduma ce ba ta gama aikinta ba. Goge ta da samfefa lamba 80, sai 180, a naɗe a dogon katako mai shafaffen ciki. Tafin hannu yana bin kwari da tudu, katako ne ke nuna su. Sai firaima mai kauri, a yayyafa mata baƙin fenti sama-sama a goge da 320: inda baƙin ya rage, akwai rami. A maimaita har ya daina ragewa, a ƙarasa da 500 ko 600.

Feshin ƙarshe ni ban ba da shawarar a yi shi a tsakar gida ba. Fentin zamani mai haɗin hadna, ruwan da ke sa shi ya yi tauri, yana ɗauke da sinadarin isosayanet mai lalata huhu, takunkumin yadi ba ya tare shi, ga iyali ga maƙwabta. Tura ta wurin mai ɗakin feshi. In babu yadda za a yi sai a gida, a kewaye rumfa da leda, a jiƙa ƙasa, a sa takunkumin da aka yi don fenti, a fesa da sassafe. Lokaci ma yana da muhimmanci: ƙurar hunturu tana zama a ɗanyen fenti, laimar Agusta tana sa shi dushewa. Tsakanin ɗaukewar damina da saukar hazo ya fi. Bayan ya bushe, a fesa kakin hana tsatsa a cikin dokin ƙofa, ƙasan ƙofofi da murfin but, a tabbata ƙananan ramukan fitar ruwa a buɗe suke.

Ƙafafu da birki

Yanzu a ɗora ta kan matokarai a sauke ƙafafun duka. Duk abin da yake roba a canza shi: bushin hannayen gaba, na gatarin baya, mazaunin kan shokazoba, robobin shaf da na sitiyari. Haka boljoyin da tayarod. In an sa mata sifirin na wata babbar mota a baya don ɗaukar kaya, ko an cusa gutsuren taya a tsakaninsa, a mayar da nata. Sifirin gaba ba a kwance shi sai da abin matsewa, yana iya karya muƙamuƙi. Kusoshin bushi kuma ba a ƙarasa ɗaure su sai motar ta sauka nauyinta yana kan tayoyi, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta tsage da wuri.

Birkin gaba faifai ne, na baya durom a yawancinsu. Kada ka hura ƙurar durom da iska, tsofaffin layinin suna iya ƙunsar asbestos. Wanke ta za ka yi. Sabbin tiyoyin roba, sabbin silindun baya, a duba masta, wato famfon da ke tura man birki, a bi bututun ƙarfe daga gaba zuwa baya. Abin da za ka nema musamman shi ne bututun da aka daddake da guduma ko aka toshe da ƙusa don wata taya tana yoyo. Ana yin haka, kuma motar tana tafiya da birkin taya uku ba wanda ya sani. Boris ɗin baya ba a ɗaure shi tamau: a matsa notin har wosha ɗin bayansa ya zama ana iya gusar da shi da bakin sukundireba da ƙarfin yatsa, a sa sabon fin. Man birki DOT 4, a fitar da iska daga dama ta baya, hagu ta baya, dama ta gaba, hagu ta gaba.

Injin da giya

Ina magana ne a kan 1.6 da 1.8 masu bawul 8, waɗanda suka fi yawa. In awon matsi ya yi kyau, ba ya hayaƙi, kada ka buɗe cikinsa don neman suna. Wanke shi, canza oyil sil na gaba da na baya, gaskit ɗin murfin sama da na kaskon mai, famfon ruwa, taimin bel da abin ɗame shi. In ya gaza, aikin gundura silinda, wanke karanshaf da daidaita fuskar tof na masu injin lat ne. Naka haɗawa da tsabta. Kusoshin tof guda 10 ne masu miƙewa, sababbi ake sawa, a ɗaure daga tsakiya zuwa waje: zagayen farko Nm 40 a sifana mai awon ƙarfin ɗauri, na biyu 60, sannan rabin juyi.

Wajen taimin, alamomi uku ne za su haɗu: na filawil da ake gani ta ramin saman giya, na fulin kamshaf, da hannun distiribita yana kallon tsagar da ke bakinta. Ɗamewar bel daidai ita ce ka iya murɗa shi kwatan juyi da yatsu biyu a tsakiyar doguwar tafiyarsa. Juya injin da hannu sau biyu ka sake duba alamomin. Jerin wutar fulogi 1-3-4-2 ne.

Sai wurin da na fi samun gardama da makanikai. Kusan kowace Golf da za ka buɗe an cire mata tamostat, an haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Mayar da su. Tamostat ɗin yana ƙasan gidan famfon ruwa, yana buɗewa wajen digiri 87, kuma injin da ba ya kai zafinsa yana shan mai ya ci ringi. Abin da ya sa ta tafasa tun farko toshewar lagireto ne, ko mutuwar makunnin fanka da ke jikinsa, ko murfin tulun ruwa da ya daina riƙe matsi. Waɗannan za a gyara. A zuba ruwan lagireto na kanti, don ruwan rijiya da na burtsatse suna barin dattin da ke toshe hanyoyi. Haka nan ƙararrawar baƙin mai: motar tana da makunnan matsin mai guda biyu, kuma in ta yi ƙara bayan injin ya haura juyi 2000 a minti, sau da yawa yanke wayar ake yi a huta. Haɗa ta, ka auna matsin man da agogo.

Kafiretar asali a yawancinsu Pierburg 2E2 ce, mai tarin ƙananan tiyoyin iska. Kafin ka zarge ta, duba robar da take zaune a kai, don tana tsagewa ta sha iska, injin ya riƙa mutuwa a tsaye. In an riga an yi mata kaca-kaca, Weber 32/34 DMTL mai cok na hannu ita ce madadin da aka sani, kuma ta fi sauƙin saiti.

Kulocin wannan injin a juye yake: faranti mai matsewa ne ke ɗaure a karanshaf, filawil a kansa, wani siririn ƙarfe kuma ya ratsa tsakiyar giya yana tura shi. Canza ɗan sil ɗin wannan ƙarfen, don in ya yi yoyo man giya yana jiƙa kuloci. Mai giya biyar tana cin kusan lita 2 na mai, kuma in ya yi ƙasa giya ta biyar ce ke fara ƙonewa. Robobin sandunan canja giya arha ne, a sabunta su duka.

Wayarin

Shimfiɗa wayoyin a ƙasa ka warware duk baƙin tef da ba na kamfani ba. Inda aka murɗa waya da waya, a yi soda a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Launukan Volkswagen suna taimako: ruwan ƙasa na komawa bodi ne, ja wutar batir kai tsaye, baƙi wutar da ke zuwa bayan an murɗa makulli. Akwatin fis yana ƙarƙashin dashbod gefen direba, daidai inda ruwan da ya ɓullo ta kusurwar gilashi yake ɗiga. Juya bayansa, in ƙafafun sun yi kore nemi wani irinsa. Fis da aka naɗe da zaren waya ko takardar sigari a zubar, a sa mai lambar da ta dace. Kankare duk inda waya mai ruwan ƙasa ta haɗu da bodi. Gyara ɗaya da na yarda a ƙara wa motar shi ne rile biyu na fitilun gaba, su ɗauki wuta daga batir ta fis ɗinsu; haske zai ƙaru, makunnin ya daina zafi.

Haɗawa da tashin farko

Wayoyi da bututun birki da na mai su fara shiga, sai tanki, sai injin da giya. Gwada hita da ruwa kafin dashbod ya koma, don in ta fashe daga baya sai an sake fitar da komai. Silin ya shiga kafin gilasai. Gilashi da igiya ake sa shi: a zura ta a ramin sabuwar roba, a shafa ruwan sabulu, mutum ɗaya yana dannawa da tafin hannu daga waje, kai kana jan igiyar daga ciki. Kada ka manta ledar da ke bayan rufin ƙofa, ita ke hana ruwan sama gangarowa kan darduma.

Ranar tashi, zuba baƙin mai kusan lita 4 har ya kai alama, cire fulogai da wayar koyil, ka yi ta bugawa har fitilar mai ta mutu. Mayar da su ka tayar a waje, tukunyar kashe gobara a kusa, wani yana leƙen yoyon fetur. Bar ta ta yi zafi har fanka ta kama da kanta ta kuma tsaya, sannan a saita wuta da fitilar taimin.

Tayoyi a duba lambobi huɗun ƙarshe na jerin da ke bin rubutun DOT a gefensu, mako da shekarar da aka yi su. Tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba a ajiye ta. Kusoshin taya Nm 110. Kai ta alaimen kafin doguwar tafiya, ka gwada birki a layin da ba mutane. In an sa sabon ringi, kilomita 1000 na farko a bi ta a hankali, ba lodi ba tsere, sannan a juye mai da filta, a ɗaga ta a sake bin kusoshin ƙafafu da mahaɗan birki ɗaya bayan ɗaya.